Amsa ga ƙanen da ke son kawo motar kira ta haɗaka a Ngaundare

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi albarka. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda masu karatu su san inda muka dosa. Ka ce kai da abokanka kun haɗa kuɗi kuna son sayen Hiace guda 3, ku sa a yi muku manhaja ta waya, mutum yana zaune a gida ya danna, mota ta zo ta ɗauke shi, a hanya ta biya ta kwashi wasu da suka nufi ɓangare ɗaya da shi, kowa ya biya nasa kason. Kana son sanin ko wannan zai iya zame mana bas ɗin da ba mu da shi a Ngaundare, har ya raba mutane da hawa moto.

Toh gaskiyar magana ba zai zama bas ba, kuma ba zai kori moto ba. Amma yana da gurbinsa, gurbi mai kyau ma, in kun san inda za ku ajiye shi. Na daɗe ina aikin tsara fitar motoci a ajans, wato kamfanin motocin fasinja masu zuwa gari-gari, daga baya na koma ɓangaren ƙidayar fasinja da zana layuka, kuma wallahi abin nan yana raina sosai domin ina ganin yadda iyayenmu mata da tsofaffi ke shan wuya a bayan moto, shi ya sa zan tsawaita kaɗan, ka yi haƙuri ka karanta.

Da farko ka gane cewa abin da kake kira sabo ɗin nan mu a nan ba sabo ba ne. Taksin ramasaj da ka tsayar a bakin titi ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, direba ya duba ko hanyarka ta zo ɗaya da ta waɗanda ke ciki, ya danna oda ka shiga, ai motar kira ta haɗaka kenan, wayar ce kawai babu. Kilando kuma, wato moton haya, ya fi kowace manhaja saurin amsa kira, kafin ka gama ɗaga hannu uku sun tsaya a gabanka. Turawa da suka ƙirƙiro irin wannan tsarin da kake magana, matsalarsu daban ce da tamu. Su suna da jirgin ƙasa na cikin gari, suna da manyan bas masu tashi kan lokaci, abin da ya rage musu shi ne yadda mutum zai taso daga gidansa a gefen gari ya kai tashar jirgin, ko yadda zai koma gida ƙarfe 1 na dare bayan bas ya daina. Wannan ɗan gibin suke cikewa da motar kira. A Faransa ma hukumomin sufuri na garuruwa ne ke gudanar da ita a ƙauyuka da unguwannin bayan gari, a matsayin reshe na bas ɗinsu, sau da yawa da tikiti iri ɗaya. Mu kuwa abin a juye yake, gibin da suke nema su cike shi ne muke da shi har ya yi mana yawa, babban layin da ake jingina da shi ne babu. SOTUC, kamfanin bas na cikin gari da gwamnati ta kafa a 1973, Duwala da Yawunde kaɗai ya yi wa aiki, bai taɓa hawowa arewa ba, shi ma ya mutu a 1995, shekara guda bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994. Tun daga lokacin moto ne ya riƙe gari, mu nan arewa ma mun riga 'yan kudu sabawa da shi.

Ka ɗauke shi kamar ruwan famfo da masu ga-ruwa. In babban bututu ya kawo ruwa bakin unguwa, mai kura zai cika jarkoki ya shiga lungu ya kai wa kowane gida a farashi mai sauƙi domin tafiyarsa gajera ce. In babu bututun, sai ya tura kurarsa har rafi ya dawo, ruwan ya yi tsada, shi ya gaji, rabin unguwa ba su samu ba. Ƙara yawan masu kura ba zai zama bututu ba ko sun kai dubu.

Yanzu bari mu zo kan lissafi domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Motar da ke bin layi ɗaya miƙe, mutane ne ke takowa su same ta a bakin titi, ita ba ta ɓata minti ko ɗaya wajen neman kowa. Motar kira kuwa ita ce ke bin mutane, kowane fasinja da aka ƙara yana ƙara wa waɗanda ke ciki tsawon hanya. Ka ɗauki mutum a Baladji, waya ta ce akwai wani a Bamyanga, ka juya, ka isa ka tarar bai gama shiri ba yana neman takalmi, ka jira, na uku yana Sabongari cikin lungun da ruwa ya cinye, na farko da ka ɗauka ya fara tsaki yana cewa da moto ya hau da tuni ya isa, kuma gaskiyarsa ne. Wannan ba laifin direba ba ne, ba kuma raunin manhaja ba ne, yanayin abin ne haka, ko wace irin kwamfuta ce ke tsara hanyar ba za ta iya matso da gidajen mutane kusa da juna ba. A garuruwan Amurka da suka gwada, da titunansu masu kyau da lambar gida a kowace ƙofa, da wuya mota ɗaya ta wuce fasinja 5 a awa guda, alhali bas na layi ko wanda ake ganin ba ya samun mutane yakan ninka haka, na babban titi kuma ya kwashi gommai.

Mu sa shi cikin kuɗinmu, misali ne kawai nake bugawa, kai ka zauna ka sa naka alƙaluman na gaskiya. Tun Fabrairun 2024 litar gazuwal a gidan mai sefa 828 ce, super 840. Kuma kar ka dogara da zuwa-zuwa, man nan na bakin titi da ake shigowa da shi daga Najeriya, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 wancan sauƙin da muka saba da shi ya tafi. A ce Hiace tana yawo cikin gari kilomita 20 a awa, tana shan kamar lita 12 a kilomita 100, man awa ɗaya ya tasam ma sefa 2,000. Ka ɗora albashin direba da na yaron mota, taya, juyen baƙin mai, gyaran ƙafa wanda titunanmu ba sa barin sa ya huta, asurans, haraji, da abin da za ku riƙa warewa domin maye gurbin motar ranar da ta tsufa, ba za ka sauka ƙasa da 4,000 zuwa 5,000 a awa ba. In fasinja 5 ka ɗauka a awar nan, kowa sai ya biya kusan jaka guda kafin ku mai da kuɗinku, ba a ma zo maganar riba ba. Wa zai biya jaka guda ya kuma jira, alhali ga moto a ƙofar gida da kuɗin da bai kai rabin haka ba? In kuwa motar nan ɗaya ta kwashi mutum 25 a awa a kan layi miƙaƙƙe, sefa 200 kowa, dala arba'in kenan, ta riga ta biya kanta. Mota ɗaya ce, direba ɗaya, mai ɗaya, bambancin kawai waye ke takawa wurin wani.

Kuma kar ka ce ai don ba mu da jari ne. Waɗanda suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba sun gwada. A Helsinki babban birnin Finlan hukumar sufurin gari da kanta ta fito da Kutsuplus, ƙananan bas 15 da ake kira ta waya, aka fara gwaji a 2012, mutane suna son sa ƙwarai, amma a ƙarshen 2015 aka rufe domin abin da hukuma ke cikawa a kan kowace tafiya ya yi yawa. Bridj a Boston ya fara 2014 ya rufe 2017. Kamfanin Ford, mai ƙera motar da kansa fa, ya sayi Chariot a 2016 ya rufe shi a farkon 2019. BerlKönig a Balin ya yi daga 2018 zuwa 2022. Wanda ya fi ba ni darasi shi ne wani ƙaramin gari a Kanada mai suna Innisfil, a 2017 suka ce maimakon su sayi bas bari su riƙa biya wa mutanensu wani kaso na kuɗin Uber. Abin ya karɓu, to amma karɓuwar ce ta zama matsala, domin duk mutum ɗaya da ya ƙaru kuɗin da gari ke biya ƙaruwa yake, har a 2019 dole suka ƙara farashi suka kuma ƙayyade wa kowa tafiya 30 a wata. Ka lura da wannan da kyau ƙanena, bas na layi in mutane suka ƙaru kuɗin kowane kai sauka yake yi domin kujerun da ke tafiya fanko ne ake cikewa, motar kira kuwa in mutane suka ƙaru sai dai ka ƙaro mota da direba. A nan nahiyarmu ma Swvl da ya taso daga Alƙahira a 2017, wanda shi layuka ma yake bi kujera kawai ake kamawa ta waya, ya bazu har Nairobi, a 2022 sai ga shi yana rage ma'aikata yana janyewa daga wurare. Inda ka ga irin wannan tsari ya daɗe yana aiki, in ka bincika za ka tarar hukuma ce ke biyan gibin da saninta, domin ta ga ya fi mata arha a kan ta tura babban bas unguwar da mutum 3 ne ke jira.

To me za ku yi da motocinku 3? Ni dai da ni ne, biyu zan ɗora a layi, ɗaya ce kawai zan bar wa kira. Kuma layin da ya fi kowanne a garin nan ba ɓoyayye ba ne, hanyar Dang ce. Jami'a tana can kimanin kilomita 15 daga cikin gari, dubban ɗalibai da malamai da ma'aikata da masu sana'a suna kai da kawowa kullum a kan titi ɗaya tilo, titin da kuma manyan tireloli ke bi, domin a nan layin dogo ya ƙare tun 1974, duk kayan da za su Garwa da Marwa da Kusuri har Njamena daga nan ake ɗora su a mota. Duk wanda ya taɓa ganin moto ɗauke da ɗalibai biyu yana ratsa tsakanin tirela da tirela a hanyar nan ya san ba wurin moto ba ne. Na san akwai taksi da ƙananan bas da ke yin layin tun da daɗewa, ba fili ne fanko ba. Abin da babu shi ne mota mai tashi da agogo. Tsarinmu na sai ta cika shi ne ke kashe amanar fasinja, mai lacca ƙarfe 7 da rabi ba zai iya zama yana jiran mutum huɗu su zo ba, dole ya sauka ya nemi moto ko ya biya kujerun da suka rage. In kuka ce motarmu tana tashi kowane rabin awa ko da mutum 6 ne a ciki, kuma kuka riƙe maganar nan wata da watanni ba ku saɓa ba, mutane da kansu za su fara daidaita fitowarsu da agogonku, daga nan kujerun za su cika. Makonnin farko za ku yi asara, ku ware kuɗinta tun yanzu ku sa a cikin jari, kar ta zo muku ba zata ku karaya ku koma sai ta cika. Abonma na wata, wato biyan kuɗin wata guda a dunƙule, ga ɗalibai da ma'aikata yana taimakawa ƙwarai a nan, kuɗi ya shigo hannu tun farkon wata, direba kuma ba shi da dalilin tsayawa farautar fasinja a kowane karfur, wato mahaɗar titi. Wannan ya kawo ni kan direba, ku ba shi albashi tsayayye. Muddin tsarin kawo wa mai mota kuɗi kaza kullum sauran naka ne, ba zai taɓa tashi da kujera fanko ba ko kun rantse masa da me, kuma ba za ka ga laifinsa ba domin tuwon gidansa ne a kujerar.

Ita kuma ta ukun, motar kira, ga inda take da amfani na gaske, kuma a nan nake son ka buɗe kunne.

Na ɗaya gar, wato tashar jirgin ƙasa. Jirgin Yawunde yana kwana a hanya ya iso da safe, ya juya da yamma. Ɗaruruwan mutane ne ke sauka lokaci guda a wuri guda, da akwatuna da buhuna da yara, sun gaji, da yawansu baƙi ne ba su san gari ba. Wannan shi ne yanayin da haɗaka ta fi dacewa da shi a duniya, domin rabin wahalar ta riga ta warware, ba sai ka bi gida-gida kana tara su ba, suna tsaye a gabanka, aikinka kawai ka raba su ɓangare-ɓangare, masu yin wajen Dang ga motarku, masu cikin gari ga taku. Kuma mutum yana cikin jirgi tun dare yana da lokacin da zai kira ya kama kujera. Da yamma sai a juya lissafin, kowa wuri ɗaya za shi kuma lokacin sananne ne. Haka ma ajans-ajans na Garwa da Marwa, lokacin isowarsu da tashinsu.

Na biyu dare da asuba, lokacin da layi ba zai iya cika mota ba amma akwai masu buƙata ta gaske. Ma'aikatan asibiti masu canjin aiki, ɗalibai mata da karatu ya kai su dare, mata masu kai kaya kasuwa kafin gari ya waye. Waɗannan kusan mutane ɗaya ne kullum, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, cikin mako biyu mai karɓar kira zai haddace su.

Na uku kuma, wanda shi ne ya fi taɓa min zuciya, mutanen da moto bai taɓa yi musu daidai ba tun asali. Mace mai tsohon ciki da za ta awo, dattijon da ƙafa ta yi masa nauyi, mai jinya da aka sallamo daga asibiti da ɗinki a ciki, uwa mai goyo da yara biyu a hannu, matan aure da yawa da ba sa son hawa bayan namijin da ba muharraminsu ba amma ba su da zaɓi. Yau in ba moto ba sai dai dipo, a ɗauki taksi gaba ɗaya, kuma ba kowa ke da wannan ƙarfin ba. In mata huɗu na unguwa ɗaya da ranar awonsu ta zo ɗaya za su raba kuɗin mota ɗaya, an kai su an dawo da su, wallahi kun yi aikin lada kuma kun samu kuɗi. Ga damina, kuma ka san damina a Adamawa doguwa ce, wata shida zuwa bakwai ana ruwa, ranar da sama ta haɗo mai moto da fasinjansa duk a rumfar shago suke fakewa.

Yadda za a tafiyar da ita kuma, abu mafi muhimmanci kar motar ta riƙa shiga ƙofar gida, sai ga marar lafiya ko tsoho, shi ma da ƙarin kuɗi ko da sanarwa tun jiya. Ku zaɓi wuraren haɗuwa a kowace unguwa, wuraren da kowa ya sani, bakin masallacin Juma'a, gaban lakwal, wajen mai shayi na karfur, gidan mai, ta yadda ba wanda zai taka fiye da minti 5. Dama mu ba da lambar gida muke kwatance ba, kuma taswirar waya ba ta san lungunanmu ba, ba ta san wane ne ruwa ya yanke a watan Agusta ba, direban da ya tashi a garin shi ya sani. Sai kuma a kama kujera da wuri, aƙalla awa ɗaya kafin lokaci, na asuba tun daren jiya, domin haɗa mutane yana son lokaci, in kowa ya ce yanzu-yanzu yake so to taksi yake nema ba haɗaka ba. Ku faɗa wa fasinja tsakanin ƙarfe kaza da kaza da kwata mota za ta iso, ta jira shi minti 2 ta wuce, ranar farko za a yi fushi, daga baya kowa zai gode domin shi ma ba a ɓata masa lokaci a kan wani. Ku sa wa kanku iyaka ta ratse, kar a karkatar da wanda ke ciki fiye da minti 10 saboda sabon kira komai kuɗinsa. Farashi ya zama na shiyya, sananne, a rubuce a jikin mota, ba ciniki. A karɓi tsabar kuɗi a karɓi Orange Money da MoMo, kar ku ce sai ta waya kaɗai domin za ku zubar da tsofaffin da dominsu aka yi abin. Kuma in mutum ya hau motar kira ya sauka a bakin layin Dang ya shiga ɗaya motar taku, a yi masa ragi, nan ne ainihin inda su biyun ke ciyar da juna.

Duk wannan da na lissafa ba ya buƙatar manhaja. Yana buƙatar mutum ɗaya mai kai da haƙuri, da waya biyu, da lambar WhatsApp, da babban littafi. Mace ma in an samu ta fi, domin mata za su fi sakin jiki su kira, magidanta kuma za su fi yarda. Wanda ya taɓa yin lodi a tasha ya riga ya iya aikin nan a kansa, ya san wa za a haɗa da wa. Littafin kuwa shi ne dukiyarku, kowane kira a rubuta, daga ina, zuwa ina, ƙarfe nawa, mutum nawa, har wanda ba ku samu kai shi ba a rubuta, shi ma ya fi muhimmanci. Bayan wata uku ka buɗe littafin za ka ga gari ya zana maka kansa, za ka ga misali kullum tsakanin 6 da 8 na safe mutum goma sha suna kira daga unguwa ɗaya zuwa kasuwa. Ranar da ka ga haka kar ka ƙaro motar kira, ka mai da wannan hanyar layi mai agogo, motar kiran ta matsa gaba zuwa unguwar da ba a sani ba tukuna. A Nairobi sai da masu bincike na jami'a suka bi matatu, ƙananan bas ɗinsu na haya, da waya a hannu wajen 2013 kafin garin ya samu cikakkiyar taswirar layukansa, ku kuwa fasinja ne zai riƙa kawo muku bayanin har gida yana kuma biyan ku.

Maganar 'yan moto, dan Allah kar ku shiga da niyyar yaƙi da su. Yaranmu ne, da yawansu da digiri a aljihu, moto ɗin nan shi ke ciyar da gidaje, kuma a lungu da kan tudu ba motar da za ta yi abin da suke yi. In layi ya tsaya da ƙafarsa aikinsu ba ƙarewa zai yi ba, sauyawa zai yi, maimakon doguwar tafiya mai haɗari a babban titi sai gajeru masu yawa daga tasha zuwa cikin unguwa, mai kaɗan, kuɗi na shigowa akai-akai. Ku je wurin shugabanninsu tun kafin ku fara, ku ba su wurin tsayawa a kowace tashar ku. Ka tuna Kano, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 ba manyan bas ne suka cike gurbin ba, A Daidaita Sahu ne ya mamaye gari, domin buƙatar ƙaramin abin hawa ba ta mutuwa da doka. Haka sandika, wato ƙungiyar masu taksi da bas na hanyar Dang, ku shiga cikinsu ku yi rajista ku biya abin da ake biya, in da hali ma ku jawo wasunsu cikin tsarin agogon, mota 10 masu tashi bi da bi sun fi 2 ƙarfi nesa.

Takardu kuma kar ku yi wasa, kart giriz ta mallakar mota, asurans na ɗaukar fasinja ba na motar gida ba, bizit teknik ta gwajin lafiyar mota, lasisin sufuri, izinin meri, wato ofishin magajin gari. Yango, kamfanin kiran taksi ta waya, da duk girmansa ma'aikatar sufuri ta dakatar da shi a Kamaru a farkon 2023 a kan batun izini kafin daga baya su daidaita, balle ku. Kuma ka tuna Ngaundare komin uku ce, wato ƙananan hukumomi uku, Dang tana cikin ta uku, ga kuma merin gari gaba ɗaya a sama wadda tsarin sufurin cikin gari ke hannunta, kowacce sai kun gaishe ta.

Akwai abin da ya fi ƙarfinku, wannan na hukuma ne, kuma ya kamata mu riƙa faɗa musu a duk inda muka samu dama. A Dakar tun 2005 aka tara masu tsofaffin motoci cikin ƙungiyoyi, aka ba su sababbin ƙananan bas bashi, da sharaɗin layi tsayayye da tikiti da tashoshi sanannu, a kan wannan harsashin ne suka zo suka ɗora babban bas mai lantarki mai hanyarsa shi kaɗai, kilomita 18, da ya fara ɗaukar mutane a 2024. Legas ta fara nata babban layin a 2008, sai a 2021 ta kawo ƙananan bas masu kwaso mutane daga unguwanni zuwa bakin layin. Ka ga jerin na Legas, babba tukuna sannan ƙarami. Mu ba ma buƙatar abu mai tsadar na Dakar, garuruwanmu ba su kai can ba, layi biyu ko uku masu agogo da rumfunan jira sun isa su canza rayuwa, a Garwa daga Djamboutou zuwa babbar kasuwa da hanyar Pitowa ranar Lahadi, a Marwa hanyar jami'a ta Kongola, a Njamena kuwa masu tsallako gada daga Waliya da Tukra kowace safiya su suka fi kowa sanin zafin rashinsa.

Ita manhajar da kuka ƙwallafa rai a kai, kuɗin da za ku ba mai rubuta ta ku ajiye shi ya zama na asarar watannin farko da na taya. Ranar da kira ya yi yawa har mai littafi ta kasa riƙewa, motocin kira sun kai biyar ko shida tana rikicewa wajen raba su, ranar ce za ku nemi manhaja, kuma a lokacin za ku san ainihin abin da kuke so ta yi domin littafin ya riga ya gaya muku. Ko a lokacin ma ku bar lambar kira a buɗe saboda masu ƙaramar waya da ranakun da intanet ke ɗaukewa. Kafin ku biya kuɗin mota ko ɗaya, ku ɗauki mako guda ku tsaya a bakin hanyar Dang da biro da takarda daga asuba zuwa isha, ku ƙirga taksi da bas da moto da mutanen da ke kai kowane rabin awa, ranar karatu daban, Juma'a daban, Lahadi daban, sannan ku tambayi lokacin hutun jami'a domin watannin nan layin zai yi sanyi kuma dole lissafinku ya ɗauke su. In kun tattara ka turo min alƙaluman mu duba tare, in sha Allah zan taya ku fitar da jadawalin tashi da farashin da zai riƙe ku.